Daga Anka Zuwa Bukkuyum, Neman Mai Zanen Faifai

Muna sallame sallar asuba muka tashi daga Gusau, mu uku a cikin tsohuwar motar yayana: shi a sitiyari, ni a gefensa rungume da faifai cikin leda, sai ƙawata mai kyamara a baya, wadda ba ta gama farkawa ba sai da muka wuce Maru. Ku da kuka ishe ni da tambayar ina na shiga kwana biyu, to ga bayani, kowa ya huta.

Ga wanda bai san sana'ata ba: shekara guda ke nan da na bar shagon ɗab'i na koma ɗaukar hotunan aikin hannu na matan ƙasarmu, ina gyara su don kasuwar intanet ɗin nan ta NFT. A can kowane hoto yana da shaidar mallaka guda, mai tara kayan fasaha ya saya ya ajiye, in ya sake sayarwa kuma wani kaso ya koma wa mai aikin. Masu kasuwar sun yaba da tarin hotunana, musamman hoton wani faifai da Goggona ta Anka ta ba ni, mai zane kamar ƙofofi suna zagaye da juna, ja da baƙi a kan farar kaba. Shi suka zaɓa ya zama fuskar tarin duka. Sai dai sharaɗinsu ɗaya: wadda ta ƙirƙiro zanen ta fito a bidiyo, ta faɗi sunanta da bakinta, ta ce ta yarda. In ban kawo ba kafin ƙarshen mako, a sauke tarin gaba ɗaya, wahalar shekara ta tafi a banza.

Yayana tun a Bunguɗu ya fara ba ni shawarar da ban tambaye shi ba. Wai me zai hana in sa kwamfuta ta zana min irinsa, ta canza launi ta haifo min ɗaruruwa, in ce nawa ne? Na ce masa ya kula da ramukan gabansa. Irin waɗancan hotunan sun cika kasuwar maƙil, in ka ga ɗaya ka gama ganin sauran, kuma ni ban bar aikina don in yi satar fasaha ba.

A mararrabar Mayanci muka ɗan dakata har motoci suka taru, don hanyar Anka ba a son mota ta bi ta ita kaɗai. Nan muka karya da ƙosai mai zafi da kunun tsamiya. Ƙosan ya yi ƙanƙanta har ƙawata ta tambayi mai suyar ko na yara ne ta ba mu, matar ta ce mata ta je ta tambayo kuɗin wake a kasuwa. Daga nan hanya ta miƙe, dawa ta yi kai hagu da dama, ga shingayen jami'an tsaro, ga ramukan da in ka kauce wa ƙarami sai ka faɗa babba. Kusa da Anka muka fara gamuwa da babura ɗauke da buhunan duwatsun zinariya, kowane ɗan acaɓa ya yi fari fat da ƙura, yana gudu kamar an biyo shi.

Goggo ta tarbe mu da hoce, gasasshiyar wainar dawar nan tasu, da ƙuli-ƙuli da mai da yaji. Wanda bai taɓa cin hocen Anka ba, ina yi masa jaje. Sai da muka ci muka sha ruwan randa sannan na zaro faifai na yi mata bayani, ƙawata har ta fara kafa kyamara. Ni a zatona nan tafiya ta ƙare, mu juya gida kafin azahar.

Goggo ta juya faifan a hannunta ta ce, "Awo, ni nis saƙa shi. Amma zanen ba nawa ba na, ɗiyata. Wata maƙwabciyata tak koya mani, sun tashi sun koma Gummi. Ba ni cewa nawa na a gaban duniya, in tai lahira in ce mi?"

Na lallaɓa, na marairaice, na ce ai hannunta ne ya yi. Ko gezau. A wurinsu saƙa daban, zane daban, kuma wadda aka koya wa ba ta da hurumin ba da izini. Haushi ya kama ni, amma can ƙasan raina na ji daɗi, don abin da nake ta faɗa wa yayana ke nan tun safe. Ta kwatanta mana gidan maƙwabciyar tata, Hajiyar Gummi, ta ƙulle mana sauran hoce a leda, muka fito.

Kafin mu bar gari na leƙa kasuwa sayen ruwa, sai ga abin da ya tsaya min a rai. Wani mai kayan roba ya jera faya-fayen roba tuli guda, kuma wallahi zanen nan ne a jikinsu, an buga shi da inji, launin ya karkace ya fita daga layi. Na tambaye shi sunan zanen, ya ce "ɗan Gummi" ake ce masa, arha ne, guda bai kai kuɗin kwanon fura ba. Wa ya ƙirƙiro shi? Ya dube ni kamar na tambaye shi wa ya ƙirƙiro tuwo.

Hanyar Gummi ta fi ta baya tsawo, ta kuma fi ta gajiyarwa. Mun wuce mararrabar da ke shiga Bukkuyum ba mu ko waiwaye ta ba. Gaba kaɗan ƙasa ta buɗe, fadamu kore shar, shinkafa ta sunkuyar da kai, matan Fulani a bakin titi da ƙoren nono. Mun tsaya mun sha fura wadda aka dama a gabanmu, mai yaji da kanumfari, yayana ya shanye tasa ya fara leƙen tawa.

La'asar sakaliya muka shiga Gummi, garin da warin kifi ke yi maka maraba tun kafin mutane su yi. Hajiya mace ce mai jiki da fara'a, mijinta dillalin busasshen kifi. Da ta ji daga wajen Goggo muke, ba ta bari mun faɗi abin da ya kawo mu ba sai da ta cika mu da tuwon shinkafa da miyar sure, wato yakuwa, da kifi. Daga nan na fito da faifai, ƙawata ta sake kafa kyamara.

Hajiya ta tuntsire da dariya. "Ɗan Gummi? Ina Gummi tas san shi! Wanga zanen uwar maigidan ga na, tana Bukkuyum. Ina amarya nik koya wurinta."

Bukkuyum! Garin da muka wuce mararrabarsa ɗazu da rana. Yayana ya kifa kai a gwiwa yana lissafin mai, ƙawata ta naɗe kyamararta. Na daure na ce to Hajiya, mene ne sunan tsohuwar, in rubuta, in mun isa mu yi tambaya? Nan take ta ja mayafi ta rufe baki, idonta ya firfito kamar na zage ta. Sunan uwar miji? A bakinta? Na juya wurin maigidan, shi ma ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce ai Inna Inna ce, shi bai taɓa kiran ta da wani abu ba. Jikokin da ke gidan kuwa, da gaske ba su sani ba.

Abin dariya ne, amma ni sai na shiga lissafi. Masu kasuwa suna suke so, ba "Inna" ba. In gidan duka suna jin nauyin sunan nan haka, wa ya ce ita mai sunan za ta yarda ta faɗe shi a gaban kyamara, duniya na kallo? Da wannan tunanin na kwana a ɗakin 'yan matan Hajiya.

Da hantsi muka kama hanyar Bukkuyum, mun zama mu huɗu, don Hajiya ta ce ba za ta ga mota kyauta ta bari ba, dama ta kwana biyu ba ta gaida Inna ba. Ta shigo da kwandon kifi, wanda har yau motar yayana ba ta daina ba da labarinsa ba. Daga mararraba zuwa cikin gari hanyar ta koya mana zikiri, kowane rami sai mun haɗa baki mun yi salati.

Gidan tsohon gidan malamai ne, zaure cike da alluna, ƙamshin tawada da hayaƙin itace. A tsakar gida, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, muka sami Inna zaune a tabarma, 'yar tsohuwa siririya, basilla a hannu, jiƙaƙƙiyar kaba a kwano, wani sabon faifai ya kai rabi a cinyarta. Ba ta sa tabarau. Da na miƙa mata namu, ta shafa shi da yatsa ta ce wannan hannun mai haƙuri ne, amma ta cika jan zare a baki. Goggo, in kina karantawa, ba ni na faɗa ba.

Ta ba mu labarin zanen ba tare da an roƙe ta ba. Mahaifinta mai zayyanar allon sauka ne. Tana yarinya takan zauna daga nesa tana kallon yadda yake zagaye allo da ƙofofi masu launi, ita kuma ba a ba ta alƙalami ba, sai ta kwashe abin da idonta ya gani ta zuba shi a kaba, ta lanƙwasa shi ya bi da'irar faifai. Jan kuwa na karan dafi ne, har yau ba ta yarda da galura ba. Ta fito mana da tsofaffin da ta ajiye, babu biyu da suka zo ɗaya. Wani jan ya yi yawa, ta ce shekarar tana fushi da maigida ne.

Na yi mata bayanin kasuwar intanet iya iyawata. Ta saurara, sannan ta yi tambaya ɗaya: guda nawa zan buga? Ashe ta ga na robar, wata jika ta taɓa kawo mata shi tsaraba, ba ta san zanen kakarta ne ba. Na ce guda ɗaya tak, Inna, kuma duk wanda ya gan shi zai ga sunan mai shi. Sai na faɗi sharaɗin, cewa sai ta faɗi sunan da bakinta.

Hajiya da sauran matan gidan suka fara kallon ƙofa. Inna ta ajiye basilla, ta gyara ɗaurin kallabi, ta ce wa ƙawata, "Kunna abin naki."

Ta dubi kyamara ido cikin ido. "Ni ce Ramatu, ɗiyar Malam Garba mai zayyana. Wanga zane ni niy yi shi, nan Bukkuyum, ba Gummi ba. Na yarda."

Kafin ta rufe baki mata sun watse. Hajiya da jikinta ta toshe kunnuwa ta yi ɗaki da gudu, wata ta bar takalmi ɗaya a hanya, wata ta yi karo da turmi. Muka yi dariya har da hawaye. Da na juyo sai na ga ita Inna ba dariya take ba, tana dai motsa leɓe a hankali. Ta ce, "Ramatu. Rabona da jin sunan ga tun ranar da Innata tab bar duniya." Ta sa ƙawata ta maimaita mata bidiyon, ta kara kyamarar a kunne, ta sake sa a maimaita. Ni dai na juya baya ina goge ido, yayana kuma ya fita wai zai duba taya.

Mun baro Bukkuyum bayan azahar don mu shiga gida da sauran rana, muka bar Hajiya za ta yi kwanaki. Kafin mu tashi na tura bidiyon a wayar wata jikar Inna. Ana kiran magariba muka shiga Gusau, na tura wa masu kasuwa bidiyon tun kafin in cire takalmi, washegari suka amsa cewa tarin ya shiga.

Abin da tafiyar nan ta koya min shi ne, duk zanen da ya burge ka akwai wadda ta zauna ta fara shi, kuma sau da yawa tana nan da ranta, ba a dai tambaya ba ne. Inji zai ba ka dubu kafin ka shanye kunu, amma ba shi da garin da za ka je ka same shi, ba shi da shekarar da ya yi fushi ja ya yi yawa. Ku masu irin sana'ata, ku sha mai ku je ku tambaya.

Jiya Hajiya ta kira ni daga Bukkuyum, tana faɗa tana dariya. Wai na hana su zaman gida. Duk baƙon da ya yi sallama, sai Inna ta sa a kawo waya a ƙure murya, su kuma matan gida su kwasa da gudu, har tuwo ya ƙone musu a tukunya. Na ce ta ba ni Inna in roƙe ta ta sassauta musu. Da ta karɓa na ce, "Inna, ina wuni?" Sai ta ce, "Ke ba surukata ba ce. Kira ni da sunana in ji."