Takardar da Na Cika wa Baba Mai Banda

Akwai abin da mutum zai yi da hannunsa, ya bi shi har tsufa. Nawa shi ne takardar da na cika wa maƙwabcina a wata damina, kuma na san ba zan manta da ita ba har ranar da za a rufe ni.

A lokacin ina da ɗan shagon kayan roba a wata kasuwa a nan Garwa. Jikin shagona akwai na wani dattijo, abokin marigayi mahaifina, kowa Baba yake ce masa. Fatoma ne. Matan garin Yagwa su kawo bandar kifi su ajiye a wurinsa, ya sayar musu, ya cire la'adarsa. Kifin ba nasa ba ne, amana ce. Kullum da hantsi sai ya fito da kwandunan ya shanya, don banda in ba ta sha iska ba tsutsa ce ke cinye ta.

Wata safiya wasu ma'aikata suka shigo da takardu, suka ce anket suke yi, wato jin ra'ayin jama'a kan haraji da gyaran kasuwa. Suka rantse ba a rubuta sunan kowa. Mutane suka yi ta noƙewa. Mahaucin layinmu ya ce, "Ni ba ni da ra'ayi, nama gare ni." Ni kuwa da ɗan Faransancina na lise, wato sakandare, wanda nake ji da shi kamar ni na haifi harshen, na hau su da wa'azi. Na ce kullum muna gunaguni a gindin rumfa, yau an zo jin ta bakinmu kuma mun zama kurame. Baba ya ce, "To ɗana, kai ka yi karatu. Zauna ka rubuta mini."

Gaskiya babu wurin suna a takardar. Amma akwai lambar shago, da lambar waya, da yawan kaya. Na gani da idona, na ce ai don lissafi ne kawai.

Baba ya faɗi nasa. "Haraji ba haramun ba ne, kakanninmu ma sun biya. Amma rubuta: kwata ta toshe shekara da shekaru, ruwa na shiga shaguna. Kuma mai karɓar kuɗin layinmu ba ya ba da tike, shaidar biya." Na rubuta, har ina ƙara gishiri. Da muka zo kan kaya na ce, "Baba, a cikin kwandunan nan nawa ne naka?" Ya harare ni. "Abin da ke ƙarƙashin rufina nawa ne har mai shi ya zo. Rubuta duka." Haka fatoma yake, ba ya cewa kayan amana ba nasa ba ne a gaban baƙo. Ni na san al'adar, takarda ba ta san ta ba, kuma ban ƙara ko kalma ɗaya ta bayani ba.

Wata guda bai cika ba suka dawo, ba da alƙalami ba, da kwaɗo. Suka ce Baba babban dila ne da ya ɓuya cikin ƙananan 'yan kasuwa, sai ya biya fatanti, wato harajin kasuwanci, irin na manya, har da na baya. Takardar da ke hannunsu rubutuna ce. Mai karɓar kuɗin nan da ba ya ba da tike yana tsaye a bayansu yana sakace. Suka rufe shagon da kifin a ciki.

Na raka Baba ofis. Ma'aikacin bai yi mana wulaƙanci ba, har kujera ya ba mu. Ya ce, "Abu mai sauƙi ne, Alhaji. In kayan ba naka ba ne, kawo sunayen masu su, da lambobin wayarsu, da katin shaidarsu. Yau ɗin nan a buɗe." Baba ya yi godiya ya tashi. A waje na kama hannunsa na ce, "Baba, don Allah ka bayar, kifi ba ya jira." Ya ce, "Ɗana, ni da ban ba da suna ba ga inda aka same ni. Su kuma in kai su da hannuna?"

Ruwa ya yi ta sauka. A mako na biyu wari ya fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, masu sayen robana suna toshe hanci. Baba bai fasa zuwa ba. Ya shimfiɗa tabarma a gaban kwaɗon ya zauna har la'asar. Sai a mako na uku muka iya haɗa karo-karo aka buɗe, kuma abin da muka tarar ba kifi ba ne, gari ne da tsutsa.

Matan Yagwa suka zo su biyar. Babbarsu tun kafin in yi aure take kawo masa kaya. Ta leƙa kwandonta, ta daɗe tana kallo. Baba ya yi mata bayani kansa a ƙasa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ka ɓoye sunana, Baba, na gode. To sunan zan dafa wa yara?"

Baba ya sayar da filinsa ya biya su, amma ba wadda ta sake kawo masa ko kwando ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba. Kafin damina ta fita ya mayar da makulli ya koma gida. Bai taɓa ce mini uffan a kan takardar ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne, amma shi na koya: kafin talaka ya buɗe baki, ya tambayi hannun da maganarsa za ta faɗa, don da zarar ta hau takarda ta daina zama tasa. Yanzu duk wanda ya zo jin ra'ayina, "lafiya lau" nake ce masa, ko da ruwa ya kai mini gwiwa. Na san shirun nan ba zai gyara komai ba. Amma na yi magana sau ɗaya, kuma wani ne ya biya.