Koren Waken da Baffa Ya Soya

Shekaranjiya ina shara a tsakar gida, a nan Birnin Kudu, sai na ji "caaa" daga kicin, ƙamshin tafarnuwa da citta ya biyo baya. 'Yata ce ke soya koren wake, tana kallon yadda ake yi a waya. Na jingine tsintsiya na zauna bakin rijiya. Wataƙila kai mai karatu ka taɓa jin ƙamshin da ya mayar da kai gidan da ya riga ya rushe. Ni wannan ya kai ni Maruta, can ƙasar Gwaram, cikin daminar da Kaka ta daina cin abinci.

Kaka mahaifiyar Babanmu ce, a ɗakinta na tashi. Mace ce mai son ci da ciyarwa. Ko baƙo ya rantse ya ƙoshi, sai ta tura masa ƙwarya. Da ciwo ya kama ta, ba wani ihu ko kuka, abinci kawai ya fita daga ranta. Umma ta dama kunun tsamiya, ta kau da kai. Aka kawo fura da nono mai kyau daga ruga, ta kurɓa ta mayar. Tuwon dawa miyar kuka da man shanu, wanda da ba ta haɗa shi da komai, ta ce warinsa na tayar mata da zuciya. Baba ya ɗauki mota aka kai ta asibiti a Birnin Kudu, aka ba da magani, likita ya ce a lallaɓa ta ta riƙa cin wani abu ko yaya. Muka dawo da wannan magana, ba wanda ya san yadda zai yi da ita.

Aikina shi ne in shiga da kwano, in fito da shi. Marka ta sauka, ɗaki ya yi sanyi yana warin danshi, ina zaune gefen gadonta ina kallon awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu. Nakan ce, "Kaka, ko loma ɗaya." Sai ta shafa kaina ta ce, "Ci ke, 'yar nan, ke ce mai girma." Umma kuwa ba kwanon take fara duba ba idan na fito, fuskata take kallo.

Ana haka Baffa ya zo, ƙanin Baba, autan Kaka. Direba ne a wani kamfanin gina hanya, yana tuƙa 'yan Sin. Ya daɗe a ɗakinta, ya fito idonsa ja. Ya nufi gonar bayan gida, ya dawo da ɗanyen wake cike da hula, irin sirara masu taushi da ko ƙwaya ba su yi ba. Baba ya bi hular da kallo. A gidanmu ba a taɓa wake sai ya ƙosa, amma ranar bai tanka ba.

Baffa ya ce wa Umma ta ba shi kasko. Matan gida suka fito suna leƙe, namiji a gindin murhu! Ya ce mutanen da yake tuƙawa haka suke ci kusan kullum, kuma ya ga ɗayansu da zazzaɓi ya kwantar, da wannan ya fara buɗe baki. Ya tsinke kan waken da gindinsa, ya wanke, ya shanya a faifai ya tsane. Ya sa na daka tafarnuwa da citta. Ya ƙara itace har wuta ta yi harshe, ya zuba man riɗi kaɗan, da ya fara hayaƙi ya watsa waken. Bai rufe ba, bai ƙara ruwa ba, juyawa kawai yake da sauri. Ya zuba dakan, sannan ya ciro wata 'yar kwalba daga aljihu mai baƙin ruwa mai gishiri, wai da waken suya ake yin sa, ya ɗiga. Kafin Umma ta gama tambayar yaushe zai dahu, har ya sauke. Waken ya fito kore shar yana sheƙi.

Shi ya shiga da shi da kansa, ina biye. Ya durƙusa ya ce, "Inna, ni na dafa miki."

Kaka ta buɗe ido ta dubi farantin, ta dube shi. "Kai ka dafa? Wannan ai bai ga wuta ba." Ta yi dariya, dariyar da muka daɗe ba mu ji ba. Ta ɗauki sili ɗaya ta sa a baki, ta daɗe tana juya shi da 'yan haƙoran da suka rage mata, ta haɗiye. Ta ƙara wani. Na fita da gudu ina cewa Kaka ta ci, Kaka ta ci. Umma ta ɗaga hannu sama tana hamdala.

Washegari Baffa ya sake soyawa. Ta karɓa don kada ya ji ba daɗi, ta riƙe a hannu har ya huce. Ya gwada rage citta, ya gwada yanka shi ƙanana. Ya ƙi komawa aiki, kullum yana gona yana zaɓen masu taushi, ni kuma ina fitowa da farantin yadda ya shiga. Ba ta kai girbi ba. Ta rasu wata safiya ana yayyafi, gero ya fara fitar da kai.

Yanzu komai ya sauya. Koren wake a kasuwa ake sayar da shi ɗauri-ɗauri, baƙin ruwan nan yana kowane babban kanti, yara maza ma suna shiga kicin ba mai leƙensu. Ɗakin Kaka ya zama shagon cajin waya.

Da sallar da ta wuce na je gaida Baffa. Ya tsufa, ido ya yi rauni, a zaure yake wuni. Cikin hira na ce masa ai abincin nan nasa ya zama na yayi, har jikokinsa sun iya. Na zaci zai yi dariya. Sai ya ci gaba da murza carbi. Can ya ce, "Kin san har yau ina tunani. Da na bar shi a wuta ya ƙara laushi, da wataƙila ta ci."

Na buɗe baki in ce masa ba haka ba ne, kwana ne ya ƙare. Ya fi ni sanin wannan. Sai na gyara masa matashin da yake jingine da shi, muka ci gaba da zama.