Kuɗin Saƙon da Banki Ya Cire Mani

Wautar tawa ce, ba ta kowa ba. Karatuna bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, can ma lambobi kaɗai suka zauna mani a ka. Shi ya sa duk inda aka ce a karanta lamba sai in gyara zama kamar limami.

Shekarar da na sayar da masarata na zuba kuɗin a banki don takin damina, wani ya kira ni a waya ina gida a Pauwa. Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, har ciwon gwiwata ya yi wa sannu. Ya ce daga banki yake, za a gyara katina, in karanto mashi lambobin da ke jiki. Na ce a raina ɓarawo ba ya tsayawa gaisuwa. Na karanto su tas, har da lambar sirri, na ma maimaita don ya ji ban yi tuntuɓe ba. Kafin la'asar waya ta yi ƙarar saƙon banki sau bakwai. Kuɗin taki sun tafi.

Wannan na haɗiye, ni na buɗe ƙofa. Wanda ya tsaya mani a wuya na ƙarshen wata ne. Maƙwabcina malamin firamare ya duba wayar, ya ce cikin ɗan abin da ɓarawon ya rage banki ya ciri kuɗin saƙonnin nan bakwai, da ladan tura wa ɓarawo kuɗina.

Ranar kasuwa na shiga motar Ƙanƙara, na je bankin na kai kukana. Matar da ke kan tebur ta ce, "Baba, ƙa'ida ce. Na'ura ke cirewa."

Na ce, "To kira mani na'urar."

Ta yi dariya.

Na ce, "Ɗiyata, in aka fasa rumbuna mai gadi na kallo, sai ya zo da safe ya ce in biya shi ladan ihu?"

Ta miƙo mani takarda in cike. Na dangwala yatsa, na koma kan kujerarsu mai laushi na zauna. Duk wanda ya shigo layi sai in yi mashi sannu da zuwa, in ba shi labarina daga gaisuwa har ƙara ta bakwai. Mai gadinsu ya ce in fita, na ce kuɗina na ciki, ni ma ina ciki. Kasuwa huɗu ina wannan aikin. Kuɗin mota ya ninka abin da nake bi, uwargida ta lissafa mani, na ce ba ciniki na je ba.

A ta huɗun manaja ya sa aka kai ni ofishinsa, ya sa hannu aka mayar mani da kuɗin saƙo da na turawa. Ba su kai kuɗin tiyar taki ba. Na ɓarawo kuwa har yau ana bincike, bana ma takin shanu na zuba a gona.

Ya rako ni bakin ƙofa, ya faɗi wata magana.

"Baba, wanda ya kwashe buhuna kun rabu da gaisuwa, mu da muka ɗebi tiya ka hana mu sakat."