Hannu Biyu a Kan Maɓalli

An mayar da Kouloussoum kan injin da ya cinye hannun abokin aikinta a gabanta.

'Yar Maraɗi ce, ta daɗe a ƙasar waje, a birnin Greensboro, tana aiki a wata masana'antar kujeru can wajen McLeansville. Ita ke zuba soso a injin matsewa, Boukari ɗan garinsu yana cirewa ta ɗaya gefen. Ranar da abin ya faru, ita ta danna maɓallin. Kowa ya san ƙarfen kariyar injin ne ya daɗe da lalacewa. Boukari da kansa ya ce mata a asibiti, "Yaya, bar kuka. Na hagu ne, da dama nake cin tuwo."

Zuciyarta dai ba ta ji ba. Tana wanke shinkafa sai ta ji, ke kika danna. Tana cikin ruku'u, ke kika danna.

Ta roƙi a canja mata wurin aiki. Maimakon haka sai suka kawo mata wata mata mai suna Zipporah, mai taushin murya, ta koya mata bubbuga jiki da yatsu biyu: gefen tafin hannu, kan gira, ƙarƙashin ido, haɓa, saman ƙirji. Tana bubbugawa tana faɗin abin da ke cin ta, ta ƙara da cewa duk da haka ta yafe wa kanta.

Kuma yana ɗan sassauta mata, wannan ba a musu. A cikin mota take yi kafin ta shiga aiki, har numfashinta ya daidaita. Maƙwabciyarta Hajiya Bebi ta taɓa kama ta tana yi, ta ce, "Kulu, sauro ne ko sabon zikiri aka kawo?" Suka yi dariya.

To amma bayan hatsarin an gyara injin. Yanzu maɓalli biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu, sai an danne su tare yake aiki. A gaban injin nan ne tunanin ke shaƙe ta, ƙarar saukarsa kaɗai ta isa. Da ta ɗaga hannu zuwa goshi sai injin ya tsaya, jar fitila ta kama, sufabaiza ya taho yana nuna mata maɓallan da haɓa.

Ta kai kukanta wurin Zipporah. Matar ta ce mata ta gwada bubbugawa a zuci.

"Madam," in ji Kouloussoum, "ai a zucin ciwon yake."

Yau ma tana can tsaye, hannuwa a danne, hawaye na sauka cikin takunkumi, ba ta da yatsan da za ta share.

Ku masu masana'antar nan, kun san inda take tsayawa, ku kuka ajiye ta. Ku cire baiwar Allah daga kan injin nan, ku ba ta wani aikin. Gobe, ba wani mako ba.