Ni Na Fara Cewa Malam Lawal Yana Bugun Ƙasa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina cikin tankaɗe ɗiyata Rukayya ta faɗo ɗakin girki da waya a hannu, ko sallama babu. Har na buɗe baki zan yi mata faɗa, sai ta ce, "Mama, Malam Lawal ya rasu."

Na ce wane Malam Lawal. Na san ko wane ne, tambayar ce dai ta fito.

Malam Lawal mai lilo, wanda ya koyar da zane a makarantar su Rukayya nan Kankara. Shekara shida muna maƙwabtaka, katanga ɗaya ta raba mu. Zazzaɓi ne na kwana uku, a gidan mahaifiyarshi a Tafoki. Kafin labari ya iso mana har an kai shi makwancinshi.

Waɗanda suka san ni sun san ba na rubutu a shafin nan sai in tallar atamfa ce ko tunatarwar Juma'a. Na sha faɗa cewa macen da ke zazzage cikinta a waya aikin yi ne ba ta da shi. Yau ga ni ina yi, kuma da dalili.

Ɗalibanshi sun sa hotonshi ɗazu. A ƙarƙashin hoton wani ya rubuta, "Allah ya jiƙanshi, amma ba shi ne mai bugun ƙasar nan ba?" Wasu biyu suka amsa mashi cewa shi ne. Rukayya ta ajiye mani wayar a gefen faifai, ta shige ɗaki.

Wannan maganar daga bakina ta fita. Ni na fara ta.

Bari in faɗa yadda aka yi, ko da yake ni kaina ban gama gane shi ba.

Har yau ban san sunan abin da Malam Lawal yake yi ba. Ya ce a Zariya ya karanto shi, wai sassaƙa. Ni sassaƙar da na sani ita ce ta turmi da taɓarya da kujerar tsakar gida. Shi bai taɓa sassaƙa abin da za a zauna a kai ba.

A kangon bayan gidanmu yake aikinshi, in na fita shanya ina hango komai ta kan katanga. Sai ya samo tsohon tulu mai yoyo ya ɗora a sama. Ruwa na ɗiga cikin gwangwanin madara da ya ɗaure a bakin sanda. In gwangwanin ya cika sai sandar ta rinjaya, ta saki tayar keke, tayar ta gangaro kan katako ta ture taɓarya, taɓaryar ta faɗi kan murfin tukunya.

Shi ke nan. Mako guda yana haɗa wannan.

Na taɓa leƙawa na ce, "Malam, to in ta bugi murfin sai mi?"

Ya ce, "Sai mu ji ƙara, Hajiya."

Wani lokaci tayar takan kauce ta shige cikin ciyawa, taɓarya na tsaye ba abin da ya same ta. Ranar ya fi yin dariya. Wannan ne ban taɓa ganewa ba. Mutum ya ɓata mako yana aiki, aikin ya ƙi, shi kuma yana murna.

Akwai ranar da ya jera tsofaffin tukwane bisa juna kan kujera mai ƙafa uku, ya koma gefe da wayarshi yana jiran iska ta zo ta kayar. Tun hantsi har azahar. Ya tafi masallaci ya dawo ya tarar sun zube ba ya nan. Na ce wa Alhaji mai gidana, ka ga abin da ake tura yara jami'a su koyo.

Kuma ba wai hannunshi bai san aikin kirki ba ne. Lokacin da kafaɗata ke ciwo, ya ji ni ta kan katanga ina nishi da guga. Washegari ya yi sallama da Alhaji, ya shigo ya kafa mana ƙarfe mai juyawa a bakin rijiya. Ban roƙe shi ba. Har gobe da shi muke jan ruwa.

Ranar da motarmu ta lalace a hanyar dawowa daga kasuwar Yankara, shi ya ɗauko mani buhun dawa a kan babur har ƙofar gida, ya ƙi ko ruwa ya tsaya sha.

In ya gan ni a hanya sai ya kashe babur ya sauko kafin ya gaishe ni. Samarin yanzu daga kan babur suke ɗaga maka hannu kamar kai ne sa'ansu.

Sai ya fara abin ƙwarya.

Ya huda gindin ƙwarya, ya rataye ta da doguwar igiya a reshen bedin da ke kangon. Ya cika ta da rairayin da ya tankaɗe, ya shimfiɗa baƙar leda a ƙasa. Sai a ja ƙwaryar gefe a saki. Tana lilo rairayi na tsiyaya, yana zana layi kan ledar. In ta tsaya sai ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa tafin hannu ya share.

Ranar Asabar da safe ɗalibanshi kan zo, kowa ya ja ƙwaryar ya saki, ɗaya bayan ɗaya.

Ni a Sabuwa na tashi. Ina yarinya an taɓa tura ni rakiyar gwaggona wurin wani mutum a bayan gari. Ya baza rairayi, ya yi zane da yatsu, ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya share da tafin hannu. Da mahaifina ya ji inda aka kai ni, gidan bai zaunu ba ranar. Ya ce mani duk inda na ga namiji tsugune yana karanta ƙasa, in gudu.

To wata Asabar na leƙa na ga Rukayya ce ta saki ƙwaryar. Na ga Malam ya tsuguna yana duban abin da ta zana, ya ɗago ya faɗa mata wata magana, ta yi dariya. Irin tsugunon, irin sharewar. Sak na mutumin nan na Sabuwa.

Na aika aka kira ta. Ta ce fiziks ne, Mama, nauyi ne da tsawon igiya. Na ce ni ma na yi sakandare, a fiziks ɗinmu ba wanda ya tsuguna gaban rairayi. Na hana ta komawa. Ta yi kuka na ce ta yi, gara kukanta da nawa.

Da a nan na tsaya da ban yi laifi ba. Uwa tana da ikon hana ɗiyarta abin da hankalinta bai kwanta da shi ba, kuma har yanzu ina kan wannan.

Amma ban tsaya ba. A Islamiyya, muna jiran malama, na ce wa Hajiya Balaraba da muke zama benci ɗaya, ni dai abin da na gani ya yi mani kama da bugun ƙasa.

Kama na ce. Allah ya sani kama na ce.

Kafin mako biyu maganar ta dawo mani da ƙafafu da fukafukai. Wai daga Faskari ake zuwa wurinshi. Wai ya faɗa wa wata mata ranar da mijinta zai dawo daga kudu. Wadda ta ba ni labarin har tana ce mani in kula tun da maƙwabcina ne.

A taron iyayen yara aka tada maganar. Ban tashi na ƙara ba, amma ban tashi na ce ni na faɗa kuma ban tabbatar ba. Na zauna na gyara mayafi. Aka hana shi tara ɗalibai ranar Asabar. Zango na ƙarewa ya ajiye aikin, ya koma Tafoki yana noma da 'yar walda.

Ranar da ya kwashe kaya ya zo ya yi wa Alhaji ban kwana, ya ba da sauran igiyarshi a ba ni, wai ya ga ta shanyata ta tsufa.

Ya san ni ce? Bai sani ba? Tun safe nake juya wannan, na rasa wanne ya fi mani sauƙi.

Ganinmu na ƙarshe bayan babbar sallar da ta wuce ne. Na je suna Tafoki. Zan wuce ta bayan wani gida sai na hangi ƙwarya rataye a jikin tsamiya. Na so in saki hanya, ya riga ya gan ni. Ya taso ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi Alhaji, ya tambayi jarrabawar Rukayya.

Mahaifiyarshi, Inna Hajara, tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ya ce mata ga maƙwabciyarshi ta Kankara da yake ba ta labari, wadda ke aika mashi da kunu duk azumi. Tsohuwar ta riƙe hannuna tana ta sa mani albarka. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ban san abin da ya shiga kaina ba, na ce, "Malam, tsakaninka da Allah, mi kake gani a cikin ƙasar nan?"

Bai ɓata rai ba. Ya ce, "Zo ki saki da hannunki, Hajiya."

Na ce ni da girmana. Inna Hajara ta ce ita ma ya sa ta yi, ba ta mutu ba. Na yi bisimilla a zuciya na ja ƙwaryar na saki.

Ta tafi can ta dawo, ba ta bi inda ta bi da farko ba. Layin ya yi faɗi, ya zagayo ya ratsa kanshi, ya sake zagayowa, kowane zagaye ya fi na baya ƙanƙanta. Ya fito kamar zanen lallen da aka yi da hannun da ba ya rawa. Daga ƙarshe ƙwaryar ta tsaya cik, rairayi ya taru a tsakiya.

Ba zan yi ƙarya ba a ranar mutuwa. Ya yi kyau. Na tsaya kallo fiye da yadda ya kamaci mace irina a bakin hanya.

Na ce to mi ta ce.

Ya ce, "Ba ta ce komai ba. Kin ja ta da ƙarfi ne, iska kuma ta ɗan taɓa ta daga hagu. Ga wurin nan." Ya nuna mani inda layin ya karkace. Ya ce ko ni na sake saki ba za ta maimaita wannan ba, shi ya sa yake daɗewa yana kallo.

Na ce in dai don kallo ne, don mi yake sharewa.

Ya ce, "Rairayin ke nan gare ni, Hajiya. Tankaɗe da wuya."

A nan na tabbatar babu duba, babu komai. Igiya ce da ƙwarya da mutumin da ke son kallo. Neman gafara yana bakina, na ji shi a kan harshena.

Abin da ya fito shi ne, ya kamata ya yi aure. Na ce mahaifiyarshi ta tsufa, namiji ba ya tsufa yana wasa da ƙwarya, sa'o'inshi duk sun tara iyali. Inna Hajara ta ce, "Faɗa mashi dai, ɗiyata." Ya yi dariya ya ce in sha Allah. Ya raka ni har bakin gidan sunan.

Na ce wa raina zan sa Alhaji ya kira shi daga baya. Ban sa ba.

Ni ce mai yi wa yara wa'azin harshe safe da yamma. Rukayya ta haddace shi kamar karatun allo. Ban san da wane ido zan sake yi mata shi ba.

Kada wani ya ɗauka na gane aikin Malam Lawal yanzu. Ban gane ba. Ban san ko aiki ne ko wasa ba, ban san ko ana samun lada a jiran iska ta kayar da tukunya ba. Da Rukayya za ta ce mani shi za ta je ta karanta, ban san mi zan ce mata ba. Amma rashin sanin amfanin abu bai ba ni ikon kiranshi saɓo ba, kuma na kira.

Ɗazu na buga wa Hajiya Balaraba waya. Ta rantse mutum biyu kawai ta faɗa wa. Na karɓi sunayensu. Ɗaya ta koma Sabuwa, na same ta, ta ce ita ma ba ta faɗa wa kowa ba sai 'yan gidansu. Ɗayar ba ta ɗauka ba. Na gane in ta waya zan bi, zan mutu ban kai ƙarshe ba. Shi ya sa na zo nan.

Bayan azahar za mu tafi Tafoki gaisuwa. Alhaji ya ce kada in faɗa wa Inna Hajara, zan ƙara mata ciwo ne. Ni kuma ina ganin ta daɗe da jin abin da ake cewa game da ɗanta, ba ta dai san wadda ta riƙe wa hannu ba. Ban yanke ba tukuna.

Amma wannan na yanke. Ni, Maman Rukayya mai atamfa, ina shaida gaban Allah cewa ban taɓa ganin Malam Lawal yana duba ba, ban taɓa jin ya faɗa wa kowa abin da ke ɓoye ba. Na gan shi yana barin aikinshi in an kira salla. Abin da kuka ji zato na ne, kuma zaton banza ne. Wanda ya rubuta tambayar nan ƙarƙashin hotonshi, ga amsarka, ka goge. Duk wanda ya taɓa kai maganar gaba, ya koma wurin wanda ya faɗa wa ya warware ta yau, kada ya jira daga baya.

Allah ka jiƙan Malam Lawal, ka haskaka kabarinshi, ka sa haƙurin da ya yi da mu ya zama nauyi a mizaninshi. Ka ba Inna Hajara juriyar rashin mai ɗebe mata kewa.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mashi addu'a da sunanshi, Lawal ɗan Hajara. In kun gama, ku roƙa mani Allah ya sa ya yafe mani kafin ya tafi, don ni ban roƙe shi ba.