Jitar da Kawu Ya Ba Taubashina

Ni baduku ne, ɗan baduku. A zauren babana na buɗe ido na ga jar fatar akuya, a nan kuma na koyi ɗinkin gafaka da kube da takalmi. Amma da za a tambaye ni a ƙuruciyata abin da na fi so a duniya, ba zan ce basilla ba. Molo zan ce. Wani masaƙi maƙwabcinmu ya koya mini. Babana bai so ba, bai kuma hana ba. Sharaɗinsa kawai kada in kaɗa a ƙofar gidansa, kada kuma in yi roƙo da shi. Saboda haka bayan la'asar, in an tashi aiki, sai samarin unguwa su taru a gindin wata tsamiya, ina kaɗawa suna amshi. A wannan ɗan fili dai ni ne gwani, ba ni da na biyu.

Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda yake aikin kuku a gidan wani Bature mai sayen fatu da ƙiraga. Allah bai ba shi haihuwa ba, sai ya ɗauke mu mu biyu kamar 'ya'yansa: ni ɗan 'yar'uwarsa, da ɗan wansa, wato taubashina. Sa'o'in juna muke. Shi ya yi makarantar Midil, ya zama akawu a ofishin En'e, yana da keke da agogon hannu. Wallahi ban taɓa jin ƙyashin keken nan ba, ko agogon. Wasan taubasantaka muke yi, ya ce ina warin jima, in ce yana warin tawwada, mu yi dariya.

Wata rana na kai wa Baturen matasan kai na fata da ya sa aka ɗinka masa. Ina tsaye a bayan gida wurin Kawu, sai na ji wani sauti yana fitowa daga baranda. Tsirkiya ce, na san wannan, amma ban taɓa jin tsirkiya mai irin wannan murya ba. Molo in ka taɓa shi, sautin ya fito ya mutu nan take. Wannan kuwa sai ya fito ya tsaya a iska, wani ya zo ya hau kansa, na farkon bai tafi ba.

Na ce, "Kawu, mi ka kuka haka?"

Ya ce, "Jita aka ce mata. Maigida ya fi sonta da karenai."

Kawu ya san tarihinta, domin shi ne mai goge ta. Ya ce Baturen gadonta ya yi daga mahaifinsa, tun kafin yaƙin Jamus na farko aka yi ta. Wani tsoho ne ya sassaƙa ta da hannu a wani ƙaramin gari can ƙasarsu, bai yi da yawa ba, da ya mutu kuma aka rufe wurin. Ya ce ko a ƙasar Turawa ba kowa ke da irinta ba. Daga ranar nan na shiga neman dalilin zuwa gidan. Yau in kai wa Kawu goro, gobe in ce Inna ce ta aiko ni gaishe shi.

Da maganar mulkin kai ta yi ƙarfi, Turawa suka fara haɗa kaya ɗaya bayan ɗaya. Maigidan Kawu ma ya tashi. A wajen sallama ya miƙa wa Kawu jitar, ya ce yatsunsa sun fara ciwon sanyi, kuma wanda ya daɗe yana goge ta shi ya fi cancanta. Da labarin ya iso mini, ban iya cin tuwo ba. Kawu bai iya kaɗa ko gwangwani ba. A duk danginmu ni kaɗai na san tsirkiya. Na riga na zaɓi inda zan rataye ta a ɗakina.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Kawu ya kira mu gidansa a Tudun Wada. Ya fito da ita a naɗe cikin tsohon bargo, ya kwance, ya dubi taubashina ya ce, "Amshi, taka ce." Ni kuma ya miƙo mini wani almakashi babba na Baturen.

Ban san lokacin da na ce, "Kawu, ai bai iya ba."

Ya ce, "Shi koya. Kai ad da molo, ɗana. Shi ba ya da komi sai alƙalami. Kuma kayan Nasara ne, shi ya shina halinsu."

Na yi godiya, na sa almakashi a aljihu. A hanyar gida taubashina yana tura keke da hannu ɗaya, ɗaya hannun rungume da bargo, yana tsokanata wai in zo ya ɗauke ni aikin riƙe masa ita. Na yi dariya kamar yadda aka saba, amma ta baki ce kawai.

Da fari na sami sauƙi, domin ya kasa. In na bi ta ƙofar gidansu na ji yana ta ƙwanƙwasa ta kamar mai tsinkar auduga, sai in ji sanyi a raina. Na riƙa cewa a zuci, ba da daɗewa ba zai gaji ya kawo mini. Ashe ya samo wani tsohon soja da ya yi yaƙin Bama, mai gadi a wani kanti, wanda ya koyi jita a bariki. Kullum in ya tashi ofis can yake zuwa. Kafin damina ta zagayo, yatsunsa sun yi kanta, hannunsa ya faɗa.

Sai gindin tsamiya ya fara raguwa. Yau babu wane, gobe babu wane. Na tambaya, aka ce suna zauren akawu. Wata rana na ɗaga kai na ga ba kowa a gabana sai masaƙin da ya koya mini da wata akuya. Na ci gaba da kaɗawa don kada a ce na ji haushi.

Abin da ya fi ƙona mini rai a gida ya faru. Ban daɗe da aure ba a lokacin. Na shigo da rana na tarar da amaryata tana tankaɗe tana wani ɗan guna-guni na waƙa. Na tsaya na saurara. Ba kiɗina ba ne.

Na ce, "Ina kika jiyo wanga?"

Ta ce, "Gidan su taubashinka, ranar suna. Muna cikin gida muna jiyo shi daga zaure. Ai abin da daɗi."

Na ce miyar jiya gishiri ya yi mata yawa, na fita. Ita ba ta san abin da ta yi ba, ni ma ban iya faɗa mata ba.

Har na gwada yin tawa. Na kai wa wani kafinta katakon akwatin sabulu, na zana masa siffarta a ƙasa, muka sa wayar birkin keke. Da aka gama na taɓa, sai ta yi ƙara kamar ƙyauren langa-langa. Kafintan ya ce ko a sa mata ƙafafu ta zama kujera. Na bar masa ita a can.

Ana saura 'yan makonni bikin 'yancin kai, sai ga taubashina a zaurenmu da bargonsa. Fuskarsa ba walwala. Ya nuna mini wani ɗan siririn tsagu a fuskar jitar, ƙasa da inda tsirkiyoyi suke ɗaure. Zafin bazara da bushewar garinmu ne suka taɓa ta. Tsohon sojan ya liƙe wurin daga ciki, ya kuma ce in ba a yi mata gida mai kauri ba, a riƙa ajiye ta kusa da randa, wata shekarar sai dai a hura wuta da ita.

Ya ce, "Taubashi, kai kaɗai na yarda da hannunka. Ɗinka mata riga. An ce in yi kiɗi a kulob ɗin ma'aikata ranar biki."

Na ce, "Sai ka bar ta nan. Ba a ɗinka wa mutum riga ba a auna shi ba."

Ya ajiye ta ya tafi.

A nan na san ta sosai. Ba ta da girma, ƙugunta siriri ne, ba kamar manyan jitocin da suka cika gari daga baya ba. Fuskarta farin katako ne da tsufa ya mayar ruwan zuma, da layuka sirara a jere kamar zaren saƙa. Bayanta da gefenta wani itace ne ja mai duhu, in ka sa hanci a ramin tsakiya sai ka ji ƙamshi kamar na tsohon akwatin turare. An zagaye bakin ramin da 'yan ɓawon kifin teku masu walƙiya, in ka juya ta a rana su yi kore su yi shuɗi. Tsirkiya shida gare ta, ni da na saba da uku. Kanta a tsage yake gida biyu, maɗauran tsirkiyar na farin ƙashi ne sun yi rawaya. A wuyanta akwai ƙananan ramuka inda yatsun Baturen da na ubansa suka cinye katakon. Can ciki kuma akwai tambarin maƙerinta, da wuta aka ƙona shi a jikin itacen. Ba ta da nauyi ko kaɗan, kamar ka ɗauki busasshiyar ƙwarya, amma in ka taɓa babbar tsirkiyar sai ka ji ta a ƙirjinka.

Aikin ba mai yawa ba ne, amma na ja shi. Na zaɓi fata mafi laushi, na rina da karan dafi, na yi mata shafi da auduga. In babana ya tafi majema, sai in ajiye basilla in ɗauke ta. Ban san yadda sojan yake ɗaure tsirkiyoyinta ba, sai na sassauta wasu na ɗaure su irin na molo. Akwai wani kiɗi nawa na kaina, wanda na tsara tun ina saurayi, mai tafiya kamar takun raƙumi. Da na kaɗa shi a jikinta, sai da na tsaya na share ido. Ashe haka kiɗin nan yake, molo ne bai iya faɗinsa duka ba.

Ina cikin haka wata rana da hantsi, ban ji tsayuwar keke ba. Na ɗaga kai na gan shi a bakin ƙofa.

Ya ce, "Kak ka tsaya. Sake min wanga."

Na sake. Ya durƙusa yana kallon yatsuna, ya ce in yi a hankali. Da na so, da na ce na manta. Amma an daɗe ba a roƙe ni kiɗi ba, kuma ga akawu a durƙushe gaban baduku. Na koya masa duka, har inda ake ɗan jinkirtawa kafin a faɗa.

Ranar biki gari ya cika, 'yan makaranta da 'yan tutocinsu kore da fari, ko'ina shinkafa da nama. Da yamma na bi shi kulob, na tsaya baya wajen taga tare da masu kallo. Ya zaro ta daga rigar da na ɗinka, ya yi kiɗan sojan guda biyu, aka tafa sama-sama. Sai ya murɗa maɗauran, ya shiga nawa. Wurin ya yi tsit. Wani dattijo mai babbar riga ya miƙe tsaye. Da ya gama, aka ce ya sake, ya sake, aka kuma ce ya sake.

Ba zan yi masa ƙarya ba, ya faɗa. Na ga ya nuno taga yana cewa, "Na taubashina ne, ga shi can." Amma tafi ya rufe muryarsa, ba wanda ya waiwayo. Wani da ke tsaye kusa da ni ya taɓa ni ya ce, "Ka ji ɗan boko, ya sa kayan Nasara sun yi Hausa." Na ce na ji. Har shekaru bayan nan, in yara suna fito da kiɗin nan a hanya, kiɗin akawu suke ce masa.

Bayan biki ba da daɗewa ba aka yi masa canjin aiki zuwa Kaduna. Na raka shi tasha inda zai hau mota zuwa Gusau ya kama jirgin ƙasa. Akwatunansa aka jefa a baya tare da buhunan albasa, jitar kuwa a gaba ta zauna, a kan cinyarsa. Samari suka dawo gindin tsamiya, na ci gaba da kaɗa musu, sai dai kunnena ya riga ya lalace. Ko yaushe na taɓa molo sai in ji inda sautin ya kamata ya tsaya bai tsaya ba.

Mun tsufa, ya yi ritaya ya dawo gida, ya gina a Minanata, wurin da muka sani duk gonakin gero. Na je gaishe shi na gan ta a ɗakinsa, a jingine kusa da tulu. Tun da ya dawo daga Makka bai sake kaɗa ta ba, 'ya'yansa kuma ba mai sha'awa. Ya ce wani Bature mai tara tsofaffin jitoci ya taɓa zuwa har gidansa a Kaduna yana lallashi, ya hana shi.

Na ce, "To, tunda ba ka kaɗawa, ba ni ita mana."

Ya dube ni ya fashe da dariya har da tari. Ya ce, "Taubashi, har yanzu?"

Na ce, "Har yanzu."

Ya ce, "Ba ni ba ka. Amma ɗauka ka taɓa."

Na ɗauka. Tsirkiya biyu sun tsinke, yatsuna kuma sun yi nauyi. Na yi abin da na iya da sauran huɗun, shi yana kishingiɗe yana kaɗa ƙafa. Da aka kira la'asar ya miƙo hannu, na ba shi, ya mayar da ita wurinta, muka fita alwala.