Jarrabawar Kwara a Falon Baba

Babanmu ya yi shekara da shekaru yana koyar da labarin ƙasa kafin ya yi ritaya, amma labarin ritayar bai iso falonmu na Kakuri ba. Akwai wata tsohuwar taswira a bango, duk saurayin da ya zo neman aure gidanmu sai ya tsaya a gabanta. Samarin yayata biyu a nan suka faɗi. Har yau ɗayansu in ya hango Baba sai ya sake hanya.

Nawa kuwa mai sayar da yadi ne, mutumin Gaya ta Nijar, ba ta Kano ba, kuma bai yi boko ba. Ina son shi kamar in yi hauka. Mako guda ina yi masa bita a shagonsa: kogin Kwara daga Gini ya taso, ya ratsa Mali da Nijar, ya gogi Benin, ya shigo mana, namu na Kaduna ya tarar da shi a ƙasar Nufawa. Yana awon yadi yana maimaitawa, ni ina ta ƙyalƙyala dariya, don kullum sai ya cusa Ghana a ciki.

Ranar Asabar da hantsi ya zo. Ni da Mama muka laɓe bayan labule.

Baba ya miƙa masa rula. "Samari, nuna min inda Kwara ya faro."

Bawan Allah ya ɗora rular a tsakiyar teku. Mama ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Ni kam na ce shi ke nan, miji ya tafi.

"Baba, a yi haƙuri, ban san shi a takarda ba," in ji shi. "A kwalekwale na girma. Sau biyu yake cika a garinmu. Da damina ja wur. Sai kuma da sanyi, ba ko ɗigon ruwan sama, ya sake tasowa baƙi. Tsofaffinmu sun ce na Gini ne, a fadamun Mali yake tsayawa ya huta."

Baba ya cire tabarau. Wannan cikar ta biyu ya rubuta ta a allo ba adadi, bai taɓa haɗuwa da wanda ya gan ta ba.

"Da idonka?"

"Har kifi na kama a ciki."

Sai Baba ya jawo kujera ya koma ɗalibi. Tambaya kan tambaya, shayi ya huce, aka kira azahar, ba wanda ya ambaci aure. Tsoro ya sake kama ni.

Da zai tafi, Baba ya tsayar da shi a bakin ƙofa. "Ka turo manyanka. Amma sanyi mai zuwa, kai za ka tuƙa ni in gani."

Mama ta rangaɗa guɗa, ta manta laɓe muke. Ni kuma na daka tsalle na taka labulen, ya tsinke, ya bar mu tsaye a fili a gabansu, ina dariya ina kuka.